Kwalin Ƙarƙashin Kanta: Yadda Masoya Suka Adana Tarihin Kiɗan Rok

Duk shagon tsofaffin faifai da ya amsa sunansa a Landan ta shekarun 1980, haja iri biyu gare shi. Akwai wadda aka jera a fili, kowa ya shigo ya ɗaga ya juya: Beatles, Rolling Stones, Led Zeppelin, Pink Floyd, kowanne da tambarin kamfaninsa. Akwai kuma wadda ke kwance cikin kwali a ƙarƙashin kanta, ba a jawo ta sai ga wanda aka san fuskarsa. 'Yan kasuwa na ce mata butleg, ni kuwa a nan zan kira ta faifan bayan fage. Na faɗa wannan sana'a ne ina ɗalibi mai neman na kashewa, a wani ƙaramin shago kusa da kasuwar Camden, na kuma zauna cikinta har ta tsufa a hannunmu.

Darasin farko da maigidana ya ba ni shi ne kada in kuskura in haɗa hajarmu da ta masu satar fasaha. Wanda ya ɗauki faifan da kamfani ya riga ya fitar, ya kwafe shi ya sayar da arha, a wurinmu ɓarawo ne, ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Namu shi ne abin da kamfani bai taɓa fitarwa ba: wasan dandali da wani ya naɗa a ɓoye, gwajin situdiyo da aka yi aka jingine, shirin da rediyo ya watsa sau ɗaya ya wuce. Mai sayen irin wannan ya riga ya mallaki duk abin da mawaƙin ya fitar, ƙishirwar ce ba ta sake shi ba. Lauyoyi ba su taɓa yarda da wannan bambanci ba, kuma suna da hujja, domin ko kwabo ba ya shiga aljihun mai waƙar. Amma a kansa aka gina sana'ar, da shi kuma masu ita ke wanke kansu.

Farin bango na 1969

Naɗar wasa a ɓoye ya girmi kiɗan rok. Tsakanin 1901 da 1903 Lionel Mapleson, mai kula da takardun waƙa a gidan wasan Metropolitan Opera na New York, ya riƙa naɗar muryoyin mawaƙa ana cikin wasa. A ƙarshen shekarun 1940 Dean Benedetti ya riƙa bin Charlie Parker da na'urarsa, ba ya naɗar komai sai busar Parker kaɗai. Waɗannan don kansu suka yi. Kasuwar rok kuwa a Los Angeles ta buɗe, cikin Yulin 1969, kuma Bob Dylan ne sila.

Bayan hatsarin babur da ya yi a 1966, Dylan ya janye daga dandali. A 1967 ya zauna da makaɗan da daga baya aka sani da The Band, a ɗakin ƙasa na wani gida kusa da Woodstock, suka naɗi waƙoƙi fiye da ɗari. An kwafi kaɗan daga ciki an rarraba wa wasu mawaƙa don su rera, labari ya bazu, har mujallar Rolling Stone ta yi kira a 1968 da a fitar da su. Kamfaninsa na Columbia ya yi gum. Sai wasu samari biyu, Dub Taylor da Ken Douglas, suka haɗa wasu daga cikin waƙoƙin da wani tsohon naɗi na 1961 da aka yi a Minneapolis, suka kai masana'antar buga faifai. Abin da ya fito faifai biyu ne cikin farin bango, ba suna ba hoto. Aka laƙaba masa Great White Wonder, gidajen rediyon birnin suka kama sa shi.

Abin da ya ba su ƙofa shi ne dokar tarayyar Amurka ba ta fara kare naɗaɗɗen sauti ba sai a Fabrairun 1972. Kafin nan ƙananan masana'antu na buga duk abin da aka kawo, in dai da kuɗi a hannu. Ran 9 ga Nuwamban 1969 Taylor ya shiga wasan Rolling Stones a Oakland da doguwar makirufo ta Sennheiser da rikodar Uher. Kafin shekara ta ƙare Live'r Than You'll Ever Be yana shaguna, mujallu na yaba shi kamar faifan kamfani. A Satumban 1970 ƙungiyar ta fitar da nata faifan wasan dandali, Get Yer Ya-Ya's Out! A watan Mayun wannan shekarar The Who sun riga sun fitar da Live at Leeds cikin bango mai ruwan ƙasa da hatimi a gefe, da gangan don ya yi kama da na bayan fage. Samarin nan biyu suka kafa Trade Mark of Quality mai tambarin alade, William Stout ya riƙa zana musu bango. Aka samu zamanin da faifan ɓoye ya fi na kamfani kyan gani.

Gardamar bakin kanta

Wanda bai san harkar ba yakan tambaya: me mutum zai yi da waƙa ɗaya kala ashirin? Duk wanda ya san Shata ya san amsar. Waƙa ba ta fita daga bakinsa iri ɗaya sau biyu, shi ya sa masu tara kaset-kaset ɗinsa ba sa tambayar wace waƙa kake da ita, sai dai ta wane wuri. Manyan ƙungiyoyin rok na wancan zamani haka suke. Abin da ke faifan kamfani ƙashi ne, naman a dandali ake sa shi.

Ba inda wannan ya fi fitowa kamar Led Zeppelin. Waƙar da ke minti shida a faifai tana iya haura rabin awa a wasannin 1975. Muddin ƙungiyar na raye, faifan dandali ɗaya ta fitar, The Song Remains the Same na 1976, wanda aka naɗa a Madison Square Garden a Yulin 1973. Masu tsayawa a kantarmu ranar Asabar kusan duk sun haɗu a kan cewa waɗannan darare ba su ne gwanintar ƙungiyar ba, ƙarshen doguwar tafiya ce, gajiya ta bayyana. Daga nan kuma hanya ta rabu. Wasu na cewa Zeppelin ta gaskiya ta ƙare a 1972, lokacin da muryar Robert Plant ke hawa sama ba wahala, hujjarsu wasannin Japan na 1971. Wasu sun fi son nauyin 1975. 'Yan 1977 su ne masu taurin kai, sun yarda hannun Jimmy Page ya fara rawa a wasu darare, amma su ce ka saurari gangar John Bonham ran 21 ga Yuni a Forum na Los Angeles, sannan ka dawo a yi magana.

Wannan daren da suke tinƙaho da shi, wani mutum ne mai suna Mike Millard ya naɗe shi. Yakan shiga zauren a keken guragu alhali ƙafafunsa lafiya, rikodar Nakamichi na ɓoye a mazaunin keken, ƙananan makirufo a hularsa. Dabarar ba ta banza ba ce. Manajan ƙungiyar, Peter Grant, tsohon ɗan kokawa ne, kuma ya shahara da farfasa rikodar duk wanda ya kama. Har ana ba da labarin ranar da ya ragargaza na'urar wani a Vancouver, ashe jami'i ne mai auna ƙara. Millard bai yarda a sayar da aikinsa ba, abokai yake kwafa wa, amma kaset ɗin ya kuɓuce ya zama Listen to This, Eddie. Ya rasu a 1994. A 2003 sai ga wani yanki na naɗin nasa a cikin faifan bidiyon da ƙungiyar ta fitar da kanta.

Masoya Rolling Stones nasu rikicin a kan mai jita ne. Mick Taylor ya zauna da su daga 1969 zuwa 1974, kuma masu cewa ƙungiyar ba ta sake kai wannan matsayi ba, wasan Brussels na Oktoban 1973 suke ɗora maka a kanta. Masu kare Ronnie Wood su ce Taylor ya fi iya jita, amma Wood ya fi iya zama da Keith Richards. 'Yan Pink Floyd su ne malaman tarihi. Ƙungiyar ta fara kaɗa The Dark Side of the Moon a dandali tun Janairun 1972, fiye da shekara guda kafin faifan ya fito a Maris na 1973, don haka naɗin gidan wasan Rainbow na Fabrairun 1972 yana nuna aikin tun yana ɗanye, da sassan da aka cire daga baya. Akwai masu rantsuwa cewa ɗanyen ya fi dafaffen.

Ba duk abin da ke kwalin ne gaskiya ba. Masu bugawa kan ƙirƙiri wuri da rana, wani lokaci don ɓad da sawu, wani lokaci don rashin sani. Shahararren wasan Dylan na 1966, wanda wani daga cikin taro ya kira shi Yahuza maci amana saboda ya koma jitar lantarki, shekara da shekaru ana sayar da shi da sunan Royal Albert Hall na Landan. Masoya ne suka bi diddigi suka tabbatar a Free Trade Hall na Manchester aka yi shi, ran 17 ga Mayu. Da Columbia ta fitar da shi a 1998, sai ta bar tsohon sunan amma ta sa shi cikin alamar zance.

Wannan bin diddigi shi ne ainihin ilimin sana'ar. In aka miƙo kaset, tambaya uku ce. Daga cikin taro aka naɗa ko daga teburin injiniya? Wace rana, a ina? Mece ce salsalarsa, wato kwafi na nawa ne daga uwar? Kowane kwafi yana ƙara huci yana rage haske, in ya kai na biyar ko na shida ganga ta koma kamar ana dukan katifa. Naɗin tebur yana da tsabta amma busasshe ne, ba ka jin zauren. Naɗin taro yana da rai, sai dai za ka sha surutun maƙwabcin mai rikoda. Littafin Hot Wacks da ake bugawa a Kanada shi ne alƙalinmu, yana jera faifai yana ba su maki. Wani tsoho da ke zuwa shagon yakan tsayar da duk saurayin da ya cika baki ya ce, "Yaro, wane dare ka ji?" In ba amsa, an gama da shi.

Waɗanda suka buɗe ƙofa

Grateful Dead sun bi wata hanya dabam. Sun yi wasa sama da 2,000 cikin shekara 30, ba dare biyu da jerin waƙoƙinsu ya zo ɗaya. Da suka ga sandunan makirufo na tare wa injiniyansu gani, a Oktoban 1984 suka ware wa masu naɗi wuri a bayan teburin sauti. Sharaɗi ɗaya ne, a yi musaya, kada a sayar. Ka aika wa mutum kaset ɗin Maxell marar komai da kuɗin kan sarki, ya cika maka ya mayar. Mu 'yan kasuwa ba mu ci riba sosai da Dead ba, don ba mai sayen abin da ake ba shi kyauta.

Wasansu na Jami'ar Cornell, ran 8 ga Mayun 1977, shi ne aka fi ambata. Sunansa ya ƙara tashi bayan 1986, lokacin da aka yi gwanjon wani ɗakin ajiya da ke ɗauke da naɗe-naɗen injiniyarsu Betty Cantor-Jackson. A 2012 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa shi cikin rajistar sautin da ƙasa ke adanawa, shekara biyar kafin a fitar da shi a kasuwa. Duk da haka tsofaffin masoya da yawa na cewa tsabtar naɗin ce ta ba shi sarauta, daren Buffalo da ya biyo baya ya fi shi. Ina ganin da gaskiyarsu a wani fanni: darajar dare a tarihin rok ta rataya ne a kan wanda ya riƙe makirufo, da inda ya tsaya.

Zamanin sidi

Ni a zamanin sidi na buɗe ido. A 1988 kamfanin Swingin' Pig ya fitar da Ultra Rare Trax, gwaje-gwajen situdiyo na Beatles da sautinsu ya yi tsaf kamar daga rumbun EMI aka ɗebo. A lokacin EMI bai daɗe da fitar da faifan Beatles a sidi ba, sai ga na ɓoye yana gogayya da su. A daidai wannan lokaci Black Album na Prince, wanda ya janye a Disamban 1987 ana gab da fitarwa, ya zama abin da aka fi tambayarmu, har ma daga mutanen da ba su taɓa sanin akwai kwali ba.

Hajar daga Jamus da Italiya take zuwa, kuma a can ba laifi ba ce. A lokacin dokar Jamus ba ta kare wasan da baƙo ya yi a ƙasa irin Amurka, wadda ba ta sa hannu a Yarjejeniyar Rum ta kare haƙƙin mawaƙa ba. A Italiya mai bugawa ya biya hukumar SIAE kuɗin marubutan waƙa, ya sami hatimi, ya buga a masana'antar kirki. Great Dane, Kiss the Stone da Yellow Dog suka riƙa fitar da akwatuna masu ɗauke da littafi da hotuna. A can halal, da ya tsallako Ingila ya koma ƙarƙashin kanta. Mukan sayar da shi sama da farashin faifan kamfani, kuma ba ya kwana. In aka ji ƙishin-ƙishin ɗin samame a kasuwar faifai ta ƙarshen mako, kafin ka ƙifta ido rabin tebura sun zama fayau.

Phil Collins ne ya fara toshe ramin. Ya kai ƙara a Jamus kan wani wasansa na Amurka, a 1993 Kotun Turai ta ce kariyar da Jamus ke ba mawaƙanta dole ta ba duk ɗan ƙasashen ƙungiyar Turai. A 1994 Amurka ta yi dokar da ta mai da cinikin naɗin dandali ba izini laifi, a 1997 kuma aka yaudari wasu manyan dillalai zuwa Orlando aka kama su. Cibiyar ta koma Japan, unguwar Nishi-Shinjuku ta Tokyo, inda Tarantura da Empress Valley ke yin bugu kaɗan mai tsada. An sha ganin Jimmy Page da kansa a waɗannan shaguna yana ɗibar faifan Zeppelin, shi ne kuma ya tsaya a kotun Glasgow a 2007 ya ba da shaida a kan wani dillali.

Wa ya kashe kasuwar

Ba 'yan sanda ba ne. Na farko, kamfanoni sun gane cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, suka shiga sana'ar da kansu. A 1991 Columbia ta fara The Bootleg Series na Dylan da waƙoƙi 58. A shekarar Frank Zappa ya kwafi faifan ɓoye da bangonsu, ya sayar da sunan Beat the Boots. Great Dane ta fitar da shirye-shiryen Beatles na BBC a sidi tara a 1993, shekara ta zagayo sai ga Live at the BBC na kamfani, Anthology na biye da shi a 1995 da 1996. Pearl Jam suka fitar da wasanni 72 na yawonsu na 2000. Na biyu, na'urar kwafar sidi ta shiga kowane gida, dandalin musayar waƙoƙi na Napster ya zo a 1999, Internet Archive ya buɗe rumbun wasannin dandali a 2002. Tarbiyyar 'yan Dead ta yi nasara, naɗi ya koma kyauta, da salsalarsa a rubuce. Manyan shaguna ma ba su tsira ba, Tower Records ya rufe a Amurka a 2006. Namu ya riga shi.

Dokar Turai ta ƙara wani abin dariya. Da aka tsawaita kariyar naɗi daga shekara 50 zuwa 70, an gindaya cewa sai wanda aka fitar cikin hamsin ɗin farko. Don haka a ƙarshen 2012 Sony ta buga naɗe-naɗen Dylan na 1962 kwafi kusan 100 kacal, a Disamban 2013 aka zuba waƙoƙin Beatles 59 na 1963 a iTunes ba talla, a ƙarshen 2021 da 2022 Pink Floyd suka ɗora tsofaffin wasanninsu a intanet ba sanarwa. Da yawa daga ciki naɗin cikin taro ne, irin wanda da ake farauta. Neil Young, wanda akwai hoton bidiyonsa yana ɗauke faifan ɓoye daga wani shago a farkon shekarun 1970, a 2021 ya fara fitar da jerin nasa, wasu da ainihin bangon da masu ɓoyen suka zana.

Ba na cewa mun yi daidai. Mawaƙi yana da haƙƙin cewa wannan gwajin bai nuna ba, kada kowa ya ji, mu kuma mun ƙwace masa wannan haƙƙi mun ci kuɗi a kai. Akwai dillalan da ba su san waƙa ba, ribar kawai suka sani, suka sayar wa yara shara da bango mai ƙyalli. Amma a ɗora ɗaya hannun a sikeli. BBC ta goge kaset-kaset masu yawa don ta sake amfani da su, kuma wani ɓangare na shirye-shiryen Beatles daga naɗin masu sauraro a gida aka dawo da shi. Gobarar da ta ci rumbun Universal a 2008 ta tafi da uwayen naɗi, ko da yake ana jayayya a kan yawansu. Abin da ke ɗaki ɗaya wuta ɗaya ke cinye shi, abin da aka kwafa aka raba wa mutum dubu kuwa yana nan. Mafi yawan abin da aka sani game da yadda waɗannan ƙungiyoyi suke a dandali, ba daga rumbun kamfani ya fito ba, daga hula da jaka da keken guragu ya fito. Mawaƙan na bin mu kuɗin da ba mu biya ba, kamfanonin da ke sayar da waɗannan darare a yau kuma da wuya su rubuta sunan wanda ya naɗa a bayan bango. Bashi biyu ne, har yanzu ba wanda ya zo karɓa.